Shekarar da Na Yaye Zanen Ƙafar Baba

Abin da ake faɗa a garinmu har yau shi ne, wai ni na sa aka yanke wa Baba ƙafa. Masu sassauci kan ce ba da gangan na yi ba, rashin kunya ce kawai irin ta yarinyar da ta ɗan leƙa boko. Duka biyun ba haka ba ne. Ƙafar nan ta riga ta mutu tun kafin in taɓa zanen da aka rufe ta da shi, kuma duk wanda yake gidanmu a kakar nan ya san haka, domin kowa yana da hanci. Ina rubuta wannan ne saboda ku, 'ya'yan Yaya Lawal, da nawa idan Allah Ya kawo su. Za ku girma ku ji labarin a bakin matan unguwa, na kuma san yadda suke ba da shi: su fara daga tsakiya, su tsaya inda ya yi musu daɗi. Ni daga farko zan ɗauko.

Sunana Hauwa'u. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunan da bakinsa ba, sai dai ya ce "Uwata". Wannan ya ba ni wata dama da sauran 'yan'uwana ba su samu ba. Ina iya gaya masa rigarsa ta yi datti, ko ya cika shan shayi mai sukari, sai ya yi dariya ya ce uwarsa ta yi magana. Ƙauyenmu yana can cikin gonaki, nesa kaɗan da titin Dayi. Baba, Malam Shu'aibu, manomi ne na masara da dawa da waken suya, da ɗan auduga a gefe don kada a ce ya bar gadon ubansa. A shekarar da nake ba ku labari na gama sakandare, ina zaune a gida, ina taya Inna aiki muna faɗa.

Akwai wani abu da ya faru a makaranta wanda ban ɗauke shi a bakin komai ba sai daga baya. Malaminmu na Turanci ya rubuta mana wata kalma a allo, irin waɗanda sai ka sa harshe tsakanin haƙora kafin su fito. Ya ce da ita ake faɗin lallashin jariri mai kuka, da ita ake faɗin kwantar wa mutum da hankali idan ya firgita, kuma da ita ake faɗin shafa abu mai sanyi a kan ƙuna. Na ɗaga hannu.

"Malam, to idan an yi wa ƙunar haka, ta warke ke nan ko dai an daina jin ta ne?"

"Kalmar ba ta yi alkawarin warkewa ba," in ji shi. "Sauƙi kawai ta ce. Zauna, Hauwa'u, ke kullum sai kin tona ƙasan magana."

Na zauna, aka yi mini dariya, aka wuce. Ban san a kan ƙafar ubana zan gane abin da ya gaya mini ba.

Lokacin yankan dawa ne. Baba ya taka tsinin kara, ya huda silifarsa ya shige shi a ƙasan babban yatsa. Bai ma ji ba sai da ya dawo gida zai yi alwala ya ga jini. Har alfahari ya yi da hakan, ya ce ƙafar manomi ce, ba ta 'yan birni ba. Ba wanda ya san ciwon suga ne ya kashe masa ji a ƙafa. Mun dai san yana yawan shan ruwa, yana yawan zagawa, muka ce zafin gona ne. Ni aka ɗora wa wankin ciwon, saboda Inna ba ta iya kallon jini, kuma ni kaɗai yake bari in taɓa shi. Kullum safe da yamma in kawo ruwan ɗumi da gishiri in gasa, in shafa man kaɗe. Da ya kumbura, wanzami ya zo ya barbaɗa wani garin magani. Da zazzaɓi ya shigo, mai kemis na bakin titi ya ba da ƙwayoyi masu kwantar da zogi. Kada ku ce waɗannan abubuwa ba su yi aiki ba. Sun yi. Idan na gasa masa sai ya lumshe ido, idan ya sha ƙwaya sai ya yi barci har da minshari. Kowa ya ga barcin ya ce alhamdulillahi. Ni kuwa da nake kwance tsumman, ina ganin abin da yake ƙarƙashi.

"Inna, yatsan nan ya yi baƙi."

"Garin wanzami ne ya rina shi."

"Na wanke garin tas. Baƙin yana nan, har ya kama na kusa da shi."

"Ke dai bakinki bai iya faɗin alheri ba. Mara lafiya lallaɓa shi ake yi, ba a tsorata shi. Idan kika gaya masa, zuciyarsa ta karye, me kika yi ke nan?"

Ban saurare ta ba, na gaya masa. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi.

"Uwata, kin san Ɗanjuma na Ƙarfi, mai sayar da buhuna? Da ƙafa biyu ya shiga asibiti, da ɗaya ya fito. Bari dai a gama shigar da dawa rumbu, sai mu gani."

Aka gama shigar da dawa, ya ce a bari a casa wake. A lokacin wari ya fara. Abin da Inna ta yi shi ne ta ƙaro turaren wuta. Duk sanda aka yi sallama a ƙofar gida, sai ta ruga da kasko ta zagaye ɗakin Baba, ta ja zane ta rufe masa ƙafa, sannan a ce baƙo ya shigo. Kun san yadda dubiya take a wurinmu. Mai zuwa ya ce yaya jiki, mara lafiya ya ce da sauƙi, na kusa da shi su ce da sauƙi sosai, mai zuwa ya ce Allah Ya ƙara sauƙi, ya tashi. Ko mutum yana shure-shuren mutuwa, amsar ke nan. Ba ƙarya ake nufi da ita ba, ladabi ne da kyautata zato ga Allah, ni ma da ita na tashi. Amma a gidanmu, a kakar nan, amsar ta zama bango. Ba wanda yake iya leƙa bayanta.

Yaya Lawal, babban wanmu, yana Funtuwa yana harkar hatsi, kuma lokacin kaka ba ya samun kansa. Yakan bugo waya, Inna ta ce da sauƙi, yau har ya cinye tuwonsa. Gaskiya ne kuwa, ya cinye. Baba ya karɓa ya ce ɗan tsinin kara ne, kada ya bar kasuwa saboda shi. Na faki ido na kira Yaya da kaina, a bayan rumbu. Wayata ƙarama ce, ba ta ɗaukar hoto, sai baki.

"Yaya, ƙafar Baba ruɓewa take yi."

"Hauwa'u, yanzun nan na gama magana da shi, muryarsa garau. Inna ta ce da sauƙi, shi ya ce da sauƙi. Ke kin cika zuzuta abu tun kina ƙarama."

"To ka zo ka gani."

"Zan zo Juma'a in Allah Ya so."

Ya zo ɗin. Tun hantsi Inna ta share ɗakin, ta turara shi har hayaƙi yana fita ta taga, ta ɗauko sabuwar atamfarta ta shimfiɗa wa Baba daga gwiwa zuwa ƙasa. Aka sa masa farar riga da hula, aka jingina shi da matashi. Bayan an sauko daga masallaci Yaya ya shigo da ledar lemo da kankana, tare da Baffa Tanimu, ƙanen Baba, da liman, da wasu maƙwabta biyu. Aka aike ni in kai ruwa. Ina bakin ƙofa na ji Baba yana cewa, da muryar da ya tattaro duk ƙarfinsa ya sa a ciki, ai sati mai zuwa yana gona. Na ji sun yi dariya. Na ji Yaya yana kaɗa makullin babur ɗinsa, alamar hankalinsa ya kwanta, zai koma kasuwa. Na san idan ya fita ƙofar nan, ba zai sake dawowa ba sai an kira shi jana'iza.

Na shiga da sallama, na ajiye tire, na durƙusa kamar zan gaishe su. Sai na kama bakin atamfar na yaye ta gaba ɗaya.

Ba zan kwatanta muku abin da suka gani ba, kakanku ne. Liman ya kau da kai. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya kai hannun riga hancinsa, sannan ya ji kunya ya sauke. Baffa Tanimu ne ya fara samun baki.

"Ke wace irin 'ya ce? A gaban mutane?"

Ban kula shi ba, Yaya nake kallo.

"Duba da kyau, Yaya. Ka ce ina zuzutawa."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba, ya ce, "Rufe."

"A'a," in ji Yaya. "Bar shi a buɗe." Ya miƙe ya fita neman mota.

Wannan shi ne abin da matan unguwa suke ba da labari, kuma a nan suke tsayawa. Ba sa faɗin abin da likita ya ce a Funtuwa. Ya auna jinin Baba ya ce suga ne, ya daɗe a jikinsa. Ya ce da an zo da wuri, da yatsa kaɗai za a cire. Ya ce yanzu dafin ya haura, sai dai daga ƙasan gwiwa, idan kuma aka ƙara jinkiri ba maganar ƙafa za a yi ba. Baffa Tanimu ya ce a mai da shi gida, akwai wani mai magani a Mahuta da ba ya yanka. Likitan bai yi gardama da shi ba, ya juya ga Baba ya gaya masa kai tsaye, ƙafa ko rai. Baba ya ce a yi. Yaya Lawal ne ya karɓi ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, ya kai maƙabarta ya binne.

Muka dawo gida da Baba da sanduna biyu. Daga ranar ya daina ce mini Uwata. Idan dole ta kama, sai ya ce "ke". Ke, miƙo buta. Ke, ja labule. Ba zagi, ba faɗa, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A rijiya mata kan yi shiru idan na iso, wata ma ta ce da 'yarta, ina ji, ta yi hankali da bakin Hauwa'u. Inna ba ta taɓa cewa laifina ne ba, amma ba ta taɓa cewa ba laifina ba ne. Ni kuwa ban ba kowa haƙuri ba, domin ban ga abin da zan ba da haƙuri a kai ba. Ubana yana numfashi. Na ci gaba da wanke dungulmin, ina auna masa abinci yadda aka ce, na ɓoye gwangwanin sukari a ɗakina. Duk yana kallona ina yi.

Duk ranin nan mutane suna zuwa. Haƙuri, Malam, ƙaddara ce. Yaya jiki? Da sauƙi. Ciwon ya warke sumul, amma mutumin yana ƙanƙancewa. Ya daina fita zaure, ya daina tambayar farashin masara, abin da ko yana zazzaɓi bai taɓa fasawa ba. Sai na lura da wani abu. Da rana, idan yana zaune a tabarma yana zaton ba mai ganinsa, sai ya miƙa hannu can inda tafin ƙafar ya kamata ya kasance, ya sosa tabarma. Sai ya janye hannun da sauri ya waiwaya. Wani lokaci ya cije leɓe yana kallon wurin da babu komai. Inna ma ta gani. Ta karɓo rubutu tana zuba masa a kunu ba tare da ya sani ba, ta ƙaro hayaƙi, ta ja ni gefe.

"Kin ga abin da na gani. Kada ki kuskura ki yi masa maganar. Wannan karon ki rufa mana asiri."

Ban yi mata alkawari ba. Ranar da muka koma asibiti a duba Baba, na bar shi da Yaya a kan benci na bi wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa mai wushirya da kowa yake kira Sista, har ɗakin da take wanke hannu. Na tambaye ta ko yanke ƙafa yana taɓa hankali. Ta tambaye ni abin da na gani, na gaya mata. Ta yi dariya har ta dafa bango.

"'Yata, hankalinsa ƙalau. Da yawansu haka suke ji, ƙaiƙayi, zafi, wani ma ya ce takalmi ya matse shi. Jijiyoyin ne ba su samu labari ba tukuna. Ba wanda ya gaya masa?"

"Ba wanda yake gaya wa kowa komai a gidanmu."

Ta nuna mini yadda zan riƙa murza dungulmin da tafin hannu, in ɗan bubbuga shi a hankali, in naɗe shi da kyau. Ta ce amma kafin duk wannan, in gaya masa.

Washegari bayan la'asar na same shi a ɗaki. Na zauna a gabansa, ba a gefe ba.

"Baba, ƙafar da aka yanke tana yi maka ƙaiƙayi."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Wa ya gaya miki?"

"Idona. Tafin ne ko tsakanin yatsu?"

Na ɗauka zai kore ni. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Babban yatsan. Wani lokaci kamar an ɗora masa garwashi. Na ɗauka kaina ne ya fara taɓuwa. Ko kuma ita ce take kirana daga inda Lawal ya binne ta, in biyo ta."

Ashe abin da yake ɗauke da shi ke nan duk ranin nan, shi kaɗai, ana ta ce masa haƙuri. Na gaya masa abin da Sista ta ce, kalma bayan kalma, har da na mai takalmin da ya matse shi. Na jawo dungulmin na ɗora a cinyata na fara murzawa. Na ji jikinsa yana saki a hankali, kamar igiyar da aka kwance wa ƙulli. Ya sauke wani dogon numfashi.

"Ashe ba ni kaɗai ba ne."

"Ba kai kaɗai ba ne."

"Zai daina?"

"Ta ce yakan ragu. Ba ta ce zai daina gaba ɗaya ba, ni ma ba zan ce ba."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ta farko tun kaka. Inna tana bakin ƙofa da kaskon turare a hannu. Ta tsaya ta ji komai, sannan ta juya da kaskonta ta koma madafi.

Kada ku ɗauka ina zargin kakarku. Duk abin da ta yi, so ne ya sa ta. Ita a saninta, idan kana ƙaunar mutum sai ka tsaya tsakaninsa da abin tsoro, ka rufe masa ido. Haka aka yi wa uwarta, haka ta ga ana yi. Ni dai abin da na gani da idona shi ne, an yi wata da watanni ana sanyaya wa Baba rai da turare da zane da kalma mai daɗi, ƙafa ta tafi, mutumin ma ya kusa binta. Ranar da hankalinsa ya kwanta da gaske, ba a ɓoye masa komai ba. An faɗa masa sunan abin da yake damunsa, aka kuma sa hannu a daidai wurin. Masu cewa ban iya lallashi ba, su je su tambaye shi wa yake kira idan yatsan ya motsa.

Da ruwan farko ya sauka, na gaya wa Yaya ya zo da babur. Baba ya ce ba inda za shi, mutane za su kalle shi. Na ce sun riga sun kalle shi, kuma ni na jawo, don haka ba sauran abin ɓoyewa. Muka ɗora shi, na bi su a ƙasa da sandunan da tabarma. Muka zaunar da shi a gindin ɗorawar da take tsakiyar gonar masara. An ɗauko mai shanu yana huɗa. Baba yana kallo, yana murza jiƙaƙƙiyar ƙasa a tsakanin yatsunsa. Mai shanun ya kai ƙarshen gona ya juyo, ya sake kaiwa ya juyo. Sai na ga Baba ya gyara zama, ya tsuke fuska.

"Uwata, tashi ki gaya wa mutumin nan huɗarsa ta karkace. Gona ce ko hanyar maciji?"

Wata 'yar da ta fi ni kunya da ta yi kamar ba ta ji ba.

"Baba, me ka ce?"

"Na ce huɗa ta karkace."

"Kafin nan."

"Tashi mana, zai ɓata mini gona."

Na je na gaya wa mai shanun, ya yi gunaguni ya gyara. Da na dawo na zauna kusa da Baba, na gaya masa abin da na riga na yanke tun ranar da Sista ta dafa bango tana dariya. Idan an gama noman farko zan koma Funtuwa wurin Yaya, in zauna in yi karatu, in rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya. Na koya wa Inna murza dungulmin, ta kuma iya, hannunta ma ya fi nawa laushi. Gwangwanin sukari kuwa da shi zan tafi.

Ya bi shanun da ido har suka kai ƙarshen layi.

"Can ma haka za ki riƙa yaye wa mutane zane?"

"Haka zan yi, Baba. Sai dai zan riƙa fitar da baƙi waje tukuna."